Lungun da Ya Sa Na Faɗi Gaskiya a Unguwar Bankunan Landan

'Yar uwa, in Allah ya kai ki Landan, kowa zai ce ki je ki ga fadar sarki, ki ɗauki hoto a gaban babban agogon majalisa, ki shiga kantunan titin Oxford ki yi wa yara tsaraba. Duk na je, kuma ba zan hana ki ba. Amma inda nake so in zaga da ke yau ba ya cikin wuraren da aka saba kai baƙuwa. Tsohuwar unguwar bankuna ce, inda kuɗin duniya ke kwana ya tashi. Na shige ta don in kashe yini ɗaya, sai ga shi ta sa na furta maganar da na yi wata goma sha ɗaya ina haɗiye ta.

Yayata ce ta haihu a can, na ɗauki hutuna na shekara daga asibiti na tafi taya ta jego. Mako biyu ban san komai ba sai wankan jariri, da dama kunun kanwa da garin da na ƙullo daga gida, da tashin dare, wanda dama shi ne aikina. Wata Talata a ƙarshen Oktoba ta dube ni ta ce, "Auta, tun da kika zo fuskarki ba ta sake ba. Ɗauki yaron nan ku fita ku sha iska, ya san hanya." Yaron nan shi ne babban ɗanta, mai shekara goma, yana hutun tsakiyar zango. Shi ya zaɓi inda za mu. Ya ce, "Anti, zan kai ki inda za ki taɓa zinare kyauta."

Gari a cikin gari

Daga Stratford, inda suke zaune, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tasha huɗu kawai, muka sauka a wadda ake kira Bank. Muna hawowa sama iska mai sanyi ta mare ni, ga yayyafi, ga jama'a kowa cikin baƙar kwat ko ruwan toka, kofin gahawa a hannu, ana sauri kamar an ce gobara ta tashi a baya. Ba mai sallama, ba mai kallon wani. Tituna tara ne suka haɗu a wannan mahaɗa, don haka in kin tsaya kina waige-waige sai a ture ki. Muka raɓe kusa da mutum-mutumin wani janar a kan doki, wai shi Wellington, na ja mayafina na fara kallo.

Mutanen can "Siti" kawai suke ce wa unguwar, kamar yadda Bakano zai ce cikin gari, kowa ya san cikin badala yake nufi. Nan ne asalin Landan. Rumawa suka kafa gari a bakin kogin Thames kusan shekara 2,000 da suka wuce, daga baya suka kewaye shi da ganuwa, kuma har yau akwai guntayenta kusa da tashar Tower Hill. Duk faɗin unguwar bai kai murabba'in kilomita uku ba, amma tana da 'yan sandanta daban da na sauran Landan, tana da nata magajin gari da ake sauyawa duk shekara, kuma a manyan hanyoyin shigarta an kafa dodanni na ƙarfe masu fukafukai don a san an taka iyaka. A ƙidayar 2021, waɗanda ke kwana a cikinta ba su kai mutum 10,000 ba. Masu shigowa aiki da safe su fice da yamma kuwa sun haura 500,000.

Daga inda muke tsaye gine-gine uku ne suka sa mu tsakiya. Ga fadar magajin garin, mai suna Mansion House. Ga tsohuwar kasuwar 'yan kasuwa, Royal Exchange, mai manyan ginshiƙai a gaba. Ga kuma wata doguwar katanga ta dutse wadda ba ta da taga ko ɗaya a ƙasa. Yaron ya nuna ta ya ce, "Can za mu." Babban Bankin Ingila ke nan.

Kilo 13 a hannu ɗaya

An kafa bankin a 1694, kuma dalilin kafa shi ba wani abu ba ne illa bashi. Sarki William na Uku yana yaƙi da Faransa, baitulmali ya bushe, sai attajirai suka haɗa fam miliyan 1.2 suka ranta wa gwamnati, ita kuma ta ba su izinin buɗe banki. Ya dawo wannan wuri na titin Threadneedle a 1734, bai zama mallakar gwamnati ba sai a 1946. A ƙarƙashin ƙasar da muke takawa akwai rumbunan da ke ɗauke da curin zinare kusan 400,000. Mafi yawansa ma ba na bankin ba ne, ajiya ce ta gwamnatin Birtaniya da manyan bankunan wasu ƙasashe.

Gidan tarihin bankin yana ta gefe, ƙofarsa na kan wani ɗan titi mai suna Bartholomew Lane. Shiga kyauta ne, sai dai a binciki jakarki. A ciki akwai tsofaffin takardun kuɗi, wasu da hannu aka rubuta su, da ma'aunai, da manyan littattafan lissafi, da jabun kuɗi da aka kama. Yaron ya zaro takardar fam goma da uwarsa ta ba shi ya nuna min wani ɗan rubutu a sama: alƙawari ne bankin ya yi cewa zai biya duk wanda ke riƙe da takardar adadin da ke jikinta, ga sa hannun babban ma'aji a ƙasa. Asalin takardar kuɗi ke nan. Mutum ya kai zinarensa ajiya, a ba shi rasit, rasit ɗin ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu saboda kowa ya yarda da wanda ya sa hannu.

Sai muka iso inda yara suka yi layi. Curin zinare ne na gaske, mai siffar ƙaramin bulo, an kulle shi a akwatin gilashi mai rami daidai shigar hannu. Nauyinsa kilo 13. Ni da nake ɗora jarirai a ma'auni kusan kullum, nan take kaina ya yi lissafi: jarirai huɗu ke nan sabbin haihuwa, a dunƙule cikin abin da bai kai tsawon takalmina ba. Na zura hannu, na ja, da ƙyar ya ɗaga kaɗan. Yaron yana dariya yana ɗaukata a waya. Ni kuwa idona ba a kan zinaren yake ba. Hannun rigata ne ya zame, na ga tsintsiyar hannuna fayau, inda awarwarona biyu suka saba zama.

Abin da na ɓoye

Bari in gaya miki, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A bara wata abokiyar aiki ta jefa ni cikin wani zauren WhatsApp. Aka ce harkar canjin kuɗaɗen waje ce ta intanet, ƙwararru ke juya kuɗin, riba kashi 30 cikin 100 duk wata. Kullum da safe sai an turo hotunan alat, wannan ta gode, waccan ta sayi firji. Na ce bari in gwada da naira 50,000. Ƙarshen wata 65,000 ta shigo. Wata na biyu ma aka biya. Ina kwasar adashina na naira 400,000 na zuba shi gaba ɗaya. Ban tsaya nan ba, na ɗauki awarwaron zinare biyu na lefena na kai kasuwa. Na ce wa maigida na kai su ajiya wurin Hajiyarmu, a raina ina cewa kafin ya lura na fanso su har da ƙari.

Wannan duk kaina na cuta. Wanda ya fi ci min rai shi ne na wata baiwar Allah da ke mana shara a ɗakin haihuwa, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu. Ta ji muna hirar, ta same ni a keɓe ta ce, "Sista, in dai ke kin sa, ni ma zan sa." Naira 80,000 ta miƙo min a ƙulle cikin leda, kuɗin da take tarawa ta saya wa babbar 'yarta keken ɗinki. Da wayata aka tura.

A wata na huɗu aka ce ana gyaran manhaja. Bayan mako biyu aka ce sai an biya wani kuɗi kafin a iya cirewa. Wata safiya na tashi na tarar an rufe zauren, lambobin duk ba sa shiga. Tun daga ranar, in na hango matar nan a baranda sai in sauya hanya. Ba ta taɓa tambayata ba. Sai dai ta russuna ta gaishe ni, gaisuwar nan kuwa ta fi min zagi zafi. Kullum abin da nake maimaita wa kaina shi ne: ke da kika yi karatu, ke da ake damƙa wa rayukan mutane, yaya aka yi aka ci ki da wannan?

Da wannan nauyin na fito daga gidan tarihin.

Teburin mai shayi da ya zama kasuwar hannun jari

Muka tsallaka zuwa Royal Exchange. Wani attajiri, Thomas Gresham, shi ya gina ta farko don 'yan kasuwa su sami inda za su haɗu, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta buɗe ta a 1571. Sau biyu tana ƙonewa, wadda ke tsaye yanzu ta 1844 ce. A yau babu ciniki a ciki sai kantunan agogo da turare da sarƙoƙi waɗanda ko farashinsu ba a son ki tambaya. Abin da ya ba ni dariya shi ne labarin dillalan hannun jari: a ƙarshen ƙarni na 17 an fitar da su daga wannan gini saboda hayaniya da rashin ladabi, sai suka koma shagunan gahawa da ke lungunan baya.

Muka bi sawunsu. In kin tsallaka titin Cornhill za ki ga wata 'yar ƙofa tsakanin gine-gine, in ba a nuna miki ba sai ki wuce. Sunan lungun Change Alley. Ba shi da wani kyau: bango fari, ƙofofin baya na ofisoshi, wani ma'aikaci a tsaye yana busa sigari. A jikin bango akwai ɗan allo shuɗi da ke cewa nan shagon gahawar Jonathan ya tsaya daga 1680 zuwa 1778, matattarar dillalan hannun jari. Ki ɗauka teburin mai shayi ne, inda ake zama a ji labarin gari, a ƙulla ciniki da baki. Daga irin wannan zama kasuwar hannun jarin Landan ta samo asali.

Na jingina da bango na buɗe waya don in karanta wa yaron abin da ya faru a lungun. Ban kai rabi ba na yi shiru, na ci gaba da karantawa ni kaɗai.

A 1711 aka kafa wani kamfani mai suna South Sea, aka ba shi shi kaɗai izinin kasuwanci da yankin Kudancin Amurka. Cinikin bai taɓa kawo abin kirki ba, don Sifaniya ce ke riƙe da waɗannan ƙasashe. Amma a 1720 kamfanin ya karɓi ɗaukar bashin gwamnati, aka baza labarin cewa dukiya na nan tafe ba iyaka. A watan Janairu hannun jari ɗaya yana kusan fam 128. Kafin watan Agusta ya doshi fam 1,000. Kamfanin ya riƙa sayar da hannun jari a biya kaɗan-kaɗan, har yana ranta wa mutane kuɗi su sayi nasa hannun jarin, don farashi ya ci gaba da hawa. An ba manyan gwamnati cin hanci. Wannan lungu ya cika maƙil da masu sarauta da malaman coci da 'yan kasuwa da barori, har da mata masu yawa da suka kawo abin da suka tara. Kowa ya ga maƙwabcinsa ya samu. Kafin shekarar ta ƙare farashin ya rikito ƙasa da fam 200. Gidaje suka mutu, ma'ajin kamfanin ya tsere ƙasar waje, aka kulle ministan kuɗi John Aislabie a kurkukun Hasumiyar Landan, aka ƙwace dukiyar shugabannin kamfanin.

Ga inda jikina ya yi sanyi. Cikin waɗanda suka yi asara har da Isaac Newton, masanin lissafi da kimiyyar nan da aka koya mana sunansa a sakandare. A lokacin ma shi ne shugaban gidan buga kuɗin ƙasar. Ya saya da wuri, ya sayar ya ci riba. Da ya ga farashi na ta hawa, wasu na ta samu, sai ya koma ya zuba mai yawa a kan tsada. Ya tafka asara mai girma.

Ya gwada, an biya shi, ya koma da babba. 'Yar uwa, ai labarina ne, shekara 300 kafin nawa ya faru. Ban ji daɗi don wani ya yi asara ba, amma wani ƙulli ya kwance a ƙirjina. Ashe ba jahilci ne ke kai mutum ba. Biyan farko ne, da ganin na kusa da kai yana samu.

Ribar daga ina take?

Akwai tambayar da mutanen lungun nan ba su tsaya yi ba, ni ma ban yi ba: wannan riba daga ina take fitowa? A wurin kamfanin South Sea amsar biyu ce, kuma duk ba daɗi. Hawan farashin daga aljihun sababbin masu saye yake. Cinikin gaske da kamfanin ke yi kuwa na bayi ne. Yana da yarjejeniyar kai 'yan Afirka 4,800 duk shekara zuwa ƙasashen da Sifaniya ke mulka.

Unguwar ba ta ɓoye wannan yanzu kamar da. Babban bankin ya nemi afuwa a 2020 kan tsofaffin shugabanninsa da ke da hannu a cinikin bayi, kuma a 2022 ya shirya baje koli inda ya bayyana cewa shi kansa ya taɓa mallakar gonaki biyu a tsibirin Grenada da bayi 599. Da Birtaniya ta haramta bauta a 1833, fam miliyan 20 ta ware na diyya, kuma iyayengijin bayin aka biya, ba bayin ba.

Daga Change Alley muka ɓulla titin Lombard, wanda ya samo suna daga masu ba da rance 'yan Italiya da suka zauna nan tun zamanin da. Har yau akwai alamomin ƙarfe na tsofaffin bankuna suna reto a sama, ciki har da wata babbar fara mai ruwan zinare. A bakin titin akwai cocin St Mary Woolnoth, inda John Newton ya yi limanci daga 1780. Shi wannan kyaftin ɗin jirgin bayi ne a da, daga baya ya tuba ya shiga sahun masu yaƙi da cinikin. Gaba kaɗan, a wani ɗan fili mai suna Fen Court, an kafa ginshiƙan dutse masu siffar rake don tunawa da waɗanda aka sayar. Yaron ya tambaye ni, "Anti, daga ƙasarmu aka kwaso su?" Na ce wasu daga cikinsu, ƙwarai. Ya yi shiru, ya shafa dutsen.

Muka ci 'yar guzurinmu a kasuwar Leadenhall, mai rufin gilashi da fenti ja da ruwan zinare, ginin 1881. Kusa da ita ga ginin kasuwar inshora ta Lloyd's, wanda bututunsa da na'urorin hawa duk a waje suke, sai ka ce an juya riga bai-bai. Shi ma daga shagon gahawa ya faro, inda masu jiragen ruwa ke haɗuwa da masu ɗaukar musu lamunin asara.

Daga nan yaron ya matsa sai mun hau hasumiyar tunawa da gobara, wadda suke kira Monument. A ranar 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a wani gidan burodi a Pudding Lane, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje sama da 13,000. Tsayin hasumiyar mita 61, daidai nisanta da inda wutar ta fara. Matakala 311 ce mai murɗewa, ni da nake taƙama da zirga-zirgar asibiti sai da na huta sau uku. Daga sama ya nuna min wani dogon gini a tsallaken kogi ya ce asibitin Guy's ne. Wanda ya kafa shi a 1721, Thomas Guy, mai sayar da littattafai ne da ya sayar da hannun jarinsa na South Sea kafin rugujewar. Kuɗin da wasu suka yi kuka a kansa, da shi aka gina inda ake jinyar marasa lafiya har yau. Na daɗe ina kallonsa, ban san me zan ce ba.

Bangon da ba na masu kuɗi ba

Ƙafafuna sun gaji, amma akwai wuri ɗaya da yayata ta ce kada in dawo ban gani ba. Tafiyar kusan minti ashirin ce zuwa yamma, bayan babban cocin St Paul's, kusa da asibitin St Bartholomew's da aka kafa tun 1123 kuma yake aiki a wurin har yanzu. Wani ɗan lambu ne mai suna Postman's Park. A ƙarshensa akwai rumfa, a bangonta an jera alluna na tangaran sama da hamsin. Wani mai zane, George Frederic Watts, shi ya kawo shawarar, aka buɗe a 1900. Kowane allo sunan talaka ne da ya rasa ransa wajen ceton wani: ma'aikacin jirgin ƙasa, ɗan sanda, yara ƙanana da suka faɗa ruwa don ciro wasu yaran.

Na tsaya a kan na Alice Ayres. Mai reno ce a gidan yayarta. A 1885 gobara ta tashi da dare, ta tsaya a taga ta jefo katifa ƙasa, ta riƙa sako 'ya'yan yayar ɗaya bayan ɗaya har uku, alhali jama'a na mata ihu ta yi tsalle ta tsira. Da ta zo fitowa ta faɗi da mummunan rauni, ta cika bayan kwana biyu. Na dubi ɗan yayata yana bin tattabaru da gudu.

Yini guda ina yawo cikin gine-ginen da aka tsayar a kan alƙawari da yarda. Matar da ke mana shara ba kamfani ta yarda da shi ba, ba ta ma san sunansa ba. Ni ta yarda da ni. Kuɗin sun tafi, wannan ba a hannuna yake ba. Amma gudun da nake mata da ƙaryar da na yi a gida, waɗannan nawa ne.

Na zauna a benci na kira maigida. Na faɗa masa komai, har da awarwaro. Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sannan ya ce, "Sista," haka yake kirana in yana so ya sassauta magana, "tun watan azumi na tambayi Hajiya, ta ce ba ki kawo mata komai ba. Jira nake ki faɗa da bakinki." Ya ce ransa ya ɓaci, kuma ƙaryar ta fi asarar yi masa ciwo. Ban kare kaina ba. Daga ƙarshe ya tambayi nawa ne na matar.

In za ki je

Ki je ranar aiki, Litinin zuwa Juma'a. Asabar da Lahadi unguwar kamar an yi shara, gidan tarihin bankin ma a rufe yake. Ki sa takalmi mara tsini, ki riƙe lema, don duk zagayen a ƙafa ne. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biyan kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa in suna tare da babba. Tashar Bank tana da dogayen hanyoyi da matakalu, in da goyo zani ko majanyi ya fi keken jariri sauƙi. Abinci a nan da tsada, ki ƙullo naki. Gidan tarihin banki da lunguna da lambun duk kyauta ne, hasumiyar gobara ce kawai ake biya. In lokacin salla ya yi, babban masallacin Gabashin Landan da ke Whitechapel ba shi da nisa, yana da sashen mata mai faɗi, ga gidajen abincin halal a kewaye.

In kuma ba za ki je ba, ga tsarabar da na kawo miki, don lungun Change Alley yanzu yana cikin wayar da ke hannunki. Duk wanda ya zo miki da harkar zuba kuɗi, ki tambaye shi daga ina ribar ke fitowa, kuma kada ki karɓi amsar da ba za ki iya maimaita wa mahaifiyarki ta gane ba. Ki yi lissafin da ni ban yi ba: riba kashi 30 duk wata tana nufin naira 100,000 ta haura miliyan 2.3 a shekara ɗaya. Mai irin wannan sana'a me zai yi da kuɗin adashinki? Ki duba ko suna da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari, ko lasisin Babban Bankin Najeriya, duka biyun suna wallafa sunayen waɗanda suka amince da su. In an ce ki kawo wasu a ba ki kamasho, ko ki yi sauri kafin a rufe, ko kada ki gaya wa maigida tukuna, ki kama jakarki. Biyan farko kuma kada ya ruɗe ki. Kuɗin wata 'yar uwarki ne aka miƙo miki, don ki dawo da wanda ya fi shi.

In kuwa an riga an ci ki, ki faɗa. Shirun da muke yi don kunya shi ke ba su damar buɗe sabon zaure da sabon suna, su sami ƙanwarki.

Ranar da na koma aiki na sami matar a ɗakin ajiye tsintsiya. Na ce, "Baba, ki yafe min, na daɗe ina guje miki. Kuɗinki bashi ne a kaina." Ta ce, "Haba Sista, ai ke ma an cuce ki." Na ce duk da haka. Muna biyanta naira 10,000 duk ƙarshen wata, ni da maigida, saura wata uku mu gama. Keken ya ƙara tsada a kan yadda ta sani, don haka mun ce za mu cika mata. Hannuna har yanzu ba awarwaro, amma na daina sauya hanya a baranda.